Dokar da ta rage maƙoƙo ba ta kai ga tukunyar tuwo ba

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar Hausa kafin shekarun 1990 zai iya tuna yadda maƙoƙo yake abin gani yau da kullum, musamman a wuyan mata, har wasu suka ɗauke shi gado, wasu kuma suka ɗora laifin a kan ruwan wasu garuruwa. A yau matashi yana iya yini a kasuwar Sabon Gari ko ta Tudun Wada a Zariya, da wuya ya ci karo da mai shi. Ba sababbin asibitoci ne suka kawo wannan sauyi ba. A shekarar 1993 gwamnatin tarayya ta wajabta wa masu sarrafa gishiri da masu shigo da shi su zuba masa sinadarin aidin, miligiram 50 a kowane kilo tun daga masana'anta, hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON da ta kula da abinci da magunguna ta NAFDAC kuma suka sa ido a kan bin dokar, har ta kai a 2007 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a Afirka da aka ba shaidar cewa gishirinta mai aidin ya game gidaje. A ganina wannan yana cikin manyan ayyukan lafiya da aka taɓa yi a ƙasar nan, kuma abin da ya sa ya yi nasara shi ne ba a nemi talaka ya sauya komai ba: gishirin da ya saba saye shi ya ci gaba da saye, maganin yana ciki.

Na fara da aidin ne domin shi ne shaidar cewa ana iya shawo kan irin wannan matsala. Shi da sinadarin ƙarfe da zinki da siliniyam da wasu 'yan'uwansu, jiki yana buƙatarsu ne ɗan mitsitsi ƙwarai, amma ba ya iya ƙirƙirarsu da kansa, dole sai ta hanyar abinci. Baligi yana buƙatar aidin maikirogiram 150 a rana, mai juna biyu kuma 250, wanda idan aka tara na tsawon rayuwar mutum bai wuce cikin ƙaramin cokalin shayi ba. Duk da haka idan ya yi ƙaranci, kumburin wuya shi ne mafi sauƙin ɓarnar. Babbar ɓarnar tana faruwa ne a ƙwaƙwalwar ɗan tayi tun yana ciki, inda babu mai gani, sai an kai yaro makaranta a ce ba ya ɗaukar karatu. Ƙarfen da ke jikin babban mutum gaba ɗaya bai wuce giram uku zuwa huɗu ba, amma da shi jini yake ɗaukar iskar da muke shaƙa ya kai ta kowace gaɓa. Saboda ƙanƙantar abin da ake buƙata, mutum yana iya ƙoshi sau uku a rana alhali jikinsa yana cikin yunwar waɗannan sinadarai, kuma wannan ita ce yunwar da nake ganin ta yi mana katutu a Zazzau da kewayenta ba tare da mun ba ta muhimmancin da ya dace ba.

Alƙaluman binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 sun nuna cewa kashi 68 cikin ɗari na yaran da ke tsakanin wata shida da shekara biyar suna da ƙarancin jini, haka kuma kashi 58 cikin ɗari na matan da ke shekarun haihuwa. Gaskiya ne ba duka ne rashin ƙarfe ya jawo ba, domin zazzaɓin cizon sauro yana farfasa ƙwayoyin jini, tsutsar ciki tana tsotse shi, ga kuma amosanin jini da ake gadonsa. Amma rashin ƙarfe a abinci yana kan gaba cikin dalilan, kuma shi ne wanda ya fi sauƙin gyarawa. Mace mai haila tana buƙatar ƙarfe fiye da ninkin abin da namiji yake buƙata, idan ta ɗauki ciki buƙatar ta ƙaru sosai, idan kuma haihuwar ta zo a kusa da juna jikin ba ya samun damar mayar da abin da ya fita. Macen da ta shiga naƙuda da ƙarancin jini, zubar jinin da wata za ta jure ita tana iya kai ta lahira. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar ɗakin haihuwa ana ce masa ya je ya nemo leda biyu ta jini cikin dare ya san abin da nake nufi, sai dai ba kasafai ake danganta wannan tashin hankali da abin da matar ta ci a watanni taran da suka gabata ba.

Zinki kuwa ba a ma tabbatar da cewa ɗan Adam yana iya rasa shi ba sai a farkon shekarun 1960, lokacin da wani likita mai suna Ananda Prasad ya lura da wasu samari a Iran, daga baya kuma a Masar, waɗanda suka tsumbure, suka kai shekara ashirin da jikin yara ba su balaga ba. Abincinsu kusan gurasa ce zalla wadda ba a bari ƙullinta ya tashi ba, babu nama sai nadiran, da aka ba irinsu zinki kuma sai suka fara tsawo. Duk lokacin da na tuna wannan labari sai in dubi abin da muke ciyar da yaranmu bayan yaye, wato koko da safe, tuwo da dare, ɗumame washegari. Binciken nan na 2018 ya samu kashi 37 cikin ɗari na yaran Nijeriya tsayinsu bai kai na shekarunsu ba, a Arewa maso Yamma kuwa adadin ya kai kashi 57. Tsumburewa tana da dalilai da yawa, ciki har da yawan gudawa da rashin tsaftataccen ruwa, amma zinki yana tsakiyar lamarin, domin gudawa tana zubar da shi daga jiki, rashinsa kuma yana sa gudawar ta daɗe ta kuma riƙa dawowa. Shi ya sa tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ce a haɗa wa yaro mai gudawa ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinki, miligiram 20 kullum har kwana 10 zuwa 14, jaririn da bai kai wata shida ba kuma miligiram 10. Ƙwayar tana da araha, amma har yanzu uwa da yawa idan ta je kemis da yaro mai zawo, maganin kashe ƙwayoyin cuta ake miƙa mata, wanda a mafi yawan lokuta ba shi yaron yake buƙata ba.

Akwai wani ɓangare da ya shafi Zariya kai tsaye. A shekarun 1970 likitoci biyu da ke aiki a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, sun ba duniyar likitanci mamaki da yawan matan da suke gani zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suna kumburi suna haki, adadin da ya zarce abin da aka sani a kusan ko'ina. A lokacin an fi zargin al'adun jego, wato kunun kanwa mai yawa da wankan ruwan zafi da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Shekaru da dama bayan haka, binciken da Farfesa Kamilu Karaye da abokan aikinsa suka wallafa daga Kano a 2015 ya samu cewa mafi yawan matan da ke da wannan ciwo siliniyam ɗin da ke jininsu ya yi ƙasa ƙwarai idan aka kwatanta da masu jego lafiyayyu, kuma likitoci a Nijar sun riga sun ga irin haka tun farkon shekarun 1990. Wannan bai wanke kunun kanwa ba, domin yawan kanwa yana ɗora wa zuciya nauyi, kuma bai nuna cewa siliniyam kaɗai ne dalili ba. Amma ba baƙon abu ba ne a ilimin likitanci, domin a yankin Keshan na ƙasar Sin an daɗe da sanin wani ciwon zuciya da ke kashe yara da matasan mata, wanda ya ragu matuƙa bayan an fara ba jama'a siliniyam. Yawan siliniyam a hatsi ya dogara ne da yawansa a ƙasar da aka shuka hatsin, don haka tambayar da ta kamata a yi ita ce me ke cikin ƙasar gonakin Giwa da Soba da Maƙarfi. Garin da ke da asibitin koyarwa a Shika da cibiyar binciken aikin gona a Samaru, nisan 'yan kilomitoci kaɗan a tsakaninsu, shi ya fi kowa cancantar amsa ta, kuma ina ganin haɗa likitan zuciya da masanin ƙasar noma a kan wannan aiki ya fi taruka goma amfani.

Me ya sa abincinmu ya gaza, alhali muna zaune a yankin da ke ciyar da ƙasa? Dalili na farko yana cikin hatsin kansa. Masara da dawa da gero da wake duk suna ɗauke da ƙarfe da zinki, amma suna tare da wani sinadari da ake kira fayitet, wanda yake ɗaure su a cikin hanji ya hana jiki tsotsarsu, ta yadda kaɗan ne daga abin da aka ci yake shiga jini. Ƙarfen da ke cikin nama da hanta da kifi ya fi saurin shiga jiki nesa ba kusa ba, kuma ko ɗan kaɗan aka sa a miya yana taimaka wa na hatsin ya shiga. Sannan cimarmu ta sauya. Tun daga ƙarshen shekarun 1970, da zuwan takin zamani da sababbin iri, masara ta mamaye gonakin wannan yanki ta ture gero da dawa gefe, alhali gero ya fi ta ƙarfe. Muna kuma son tuwo fari tas, a surfe a wanke a cire dusa da ƙwayar tsiron, inda mafi yawan sinadaran suke, a ba dabbobi. Ga shayi da ya zama karin kumallon gidaje da yawa, har ana ɗura wa yara ƙanana, shi kuwa ganyen shayi yana da sinadarin tanin da ke rage shigar ƙarfe idan aka sha shi tare da abinci.

Dalili na biyu yana cikin yadda muke rabon abin da ke tukunya, kuma a nan maza ne ya kamata mu ji nauyi. A gidaje da yawa idan an sami nama, kwanon maigida ake fara zuba wa, sai na baƙi, abin da ya rage shi ne na uwargida da yara, wani lokaci romo kawai. Maigida kuma yana iya tsayawa wurin mai tsire ko mai balangu a hanyarsa ta dawowa ya ci na aljihunsa. Wato wanda jikinsa ya fi ƙarancin buƙatar ƙarfe shi ya fi samu, mai ciki da mai shayarwa da ɗan shekara ɗaya da suka fi kowa buƙata su ne a ƙarshen layi. Girmama maigida abu ne mai kyau a tarbiyyarmu, amma ciyar da iyali hakki ne da addini ya ɗora masa, kuma ban ga yadda za a ce an sauke wannan hakki ba idan matar da ke ɗauke da cikinsa tana jin jiri in ta miƙe.

To me hukuma ta yi? Bayan nasarar gishiri an faɗaɗa dokar zuwa fulawa da sukari da man girki, ana ƙara musu sinadaran gina jiki, fulawar alkama ana sa mata ƙarfe. Wannan yana da kyau ga mai cin burodi da taliya kullum. Sai dai garin tuwon da ake ci a cikin birnin Zazzau da ƙauyukan kewaye ba daga kamfani yake fitowa ba. Daga rumbu ko daga mudun kasuwa yake zuwa, a aiki yaro ya kai injin niƙa na unguwa, ya dawo da shi a roba. Babu jami'in NAFDAC da zai iya bin dubban injinan nan, babu kuma mai injin da zai iya auna miligiram. Gishiri ya yi sauƙi ne domin kamfanoni ƙalilan ne ke sarrafa kusan dukansa. Tuwo kuwa kowane gida ne kamfanin kansa. Don haka dokar da aka tsara domin masana'antu ta tsallake ainihin abincin da talakan Arewa yake rayuwa a kansa, kuma muddin ana auna nasara da buhunan fulawar da aka gwada a Legas, za a ci gaba da ganin ana aiki alhali jinin yaran Zazzau bai sauya ba.

Gurbin da hukuma ta bari, 'yan kasuwa ne suka cike shi. Kowane kemis yana da jerin kwalaben maganin ƙarin jini, masu talla da lasifika suna yawo da haɗe-haɗen da ba a san abin da ke ciki ba, a intanet kuma ana tallata ƙwayoyi masu tsada da ake cewa sun ƙunshi ma'adinai barkatai. Akwai kuma abin da aka gada ta baki, cewa lemon malt da madarar gwangwani suna ƙara jini, alhali babu wani ƙarfen kirki a cikinsu, madara ma tana rage shigarsa. Kuɗin wannan haɗi zai sayi hanta ko busasshen kifin da zai yi aikin da gaske. Abin da ya fi damuna shi ne waɗannan sinadarai suna da iyaka, kuma tazarar da ke tsakanin abin da ya isa da abin da ke cutarwa ba ta da faɗi. Yaro ƙarami idan ya sami ƙwayoyin ƙarfe na mahaifiyarsa ya hadiye da yawa, guba ce da ke iya kashe shi. Mai amosanin jini da ake yawan ƙara wa jini ƙarfe yana taruwa a jikinsa, ba shi da buƙatar ƙari sai likita ya gwada ya ce. Yawan zinki yana hana jiki samun jan ƙarfe, yawan siliniyam yana zubar da gashi ya lalata farce. Wanda yake jin kasala da jiri, gwajin jini ne hakkinsa na farko, domin idan tsutsa ce ko zazzaɓi ko wata zubar jini ta ciki, kwalba goma ba za ta tsayar da ita ba. Wannan bai shafi ƙwayoyin da ake ba masu juna biyu a wurin awo ba; su waɗannan an auna su, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta sha ƙarfe miligiram 30 zuwa 60 kullum tare da sinadarin folik, kuma baƙin bayan-gida ko ɗan tashin zuciyar da suke sawa bai kai dalilin jefa su ƙarƙashin katifa ba.

Za a ce mini duk wannan maganar mai ƙoshi ce, mutumin da mudun masara ya gagara ba a yi masa zancen zinki. Akwai gaskiya a ciki, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma tsadar abinci ta 'yan shekarun nan ta kori nama da ƙwai daga gidaje masu yawa. Amma wannan hujja ce da ke ƙarfafa abin da nake faɗa, domin idan talaka ba zai iya sayen nama ba, dole ne sinadarin ya same shi a cikin abin da yake iya saye. A nan ne Samaru take da rawar takawa. Masana sun daɗe suna zaɓen irin hatsin da shi da kansa yake tara ƙarfe da zinki fiye da saura, ta hanyar barbarar iri da aka saba. A Nijar an fitar da wani gero mai suna Chakti a 2018 saboda yawan ƙarfensa, a nan gida kuma a 2016 an fitar da dawa SAMSORG 45 da SAMSORG 46, waɗanda aka yaba da ƙarfen da ke cikinsu. Irin wannan iri idan ya shiga gonar manomi, injin niƙa na unguwa ya daina zama cikas, domin sinadarin yana cikin ƙwayar tun daga gona. Matsalar ita ce iri yana iya shekaru a rumbun cibiyar bincike bai isa Kasuwar Giwa ba. Gwamnatin Jihar Kaduna tana rabon taki da iri kusan kowace damina. Ina ganin ya kamata a wajabta cewa wani kaso na irin da ake rabawa ya zama irin wannan, a kuma sayi amfaninsa domin ciyar da 'yan makaranta, ta yadda manomi zai san yana da kasuwa. Haka takin ma, tun da bincike ya sha nuna ƙarancin zinki a ƙasar noman wannan yanki, a riƙa sayen wanda aka haɗa da shi. Ƙasar Finland ta fara zuba siliniyam a takinta tun 1984, abin da ke jinin mutanenta ya ƙaru. Mu kuwa kafin mu kai nan sai an auna ƙasarmu da hatsinmu tukuna.

A 2024 an fitar da ƙa'idar ƙara ƙarfe da zinki da wasu sinadarai a dunƙulen ɗanɗano na miya, bisa zaɓin kamfanoni. Dabara ce mai ma'ana, tun da dunƙulen ya shiga kowace tukunya kamar yadda gishiri ya shiga. Fargabata ita ce kada a mayar da shi hujjar tallata yawan amfani da shi a al'ummar da hawan jini ya riga ya yi wa yawa, kuma kada ya ƙarasa korar daddawa, wadda ita kanta tana da ƙarfe.

Abin da ke hannun gida kuwa, mafi yawansa iyayenmu mata sun san shi tun kafin a san sunan fayitet. Jiƙa gero a bar shi ya kwana ya yi tsami kafin a yi kamu, tsirar da hatsi, jiƙa wake kafin a dafa, barin kalwa ta ruɓa ta zama daddawa, duk suna karya abin da ke ɗaure ƙarfe da zinki. Miyar zogale da ta rama da alayyafo, ƙuli-ƙuli da riɗi da awara, garin busasshen kifi ko na fara a cikin kunun yaro, duk abubuwa ne da ba su fi ƙarfin mai ƙaramin hali ba. Lemon tsami ko gwaiba ko ɗanyen tumatir tare da abinci suna ƙara yawan ƙarfen da jiki zai samu daga wake da ganye, shayi kuma a jinkirta shi kamar awa ɗaya bayan cin abinci. Jariri yana zuwa duniya da ajiyar ƙarfen da za ta kai shi wajen wata shida, kuma ajiyar tana ƙaruwa idan ungozoma ta dakata aƙalla minti ɗaya kafin ta ɗaure cibiya. Bayan wata shida farin koko kaɗai ba ya riƙe shi. Wannan ilimi ne da ya kamata a riƙa ji a makarantun Islamiyya na matan aure da shirye-shiryen rediyo, a kuma faɗa wa maza a masallatai, tun da su ke ba da kuɗin cefane.

Shi kansa gishirin bai kamata a saki jiki da shi ba. Aidin yana gudu idan gishiri ya sha rana da danshi, kuma a kasuwanninmu ana farke buhu a zube shi a faranti a buɗe, a yini ana aunawa da gwangwani. Akwai ɗan ruwan gwaji mai araha da ake ɗiga wa gishiri ya sauya launi idan yana da aidin, wanda a da ake kaiwa makarantun firamare yara su gwada gishirin gidajensu. Ya kamata sassan lafiya na ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari su dawo da wannan gwaji a makarantu da kasuwanni, su kuma riƙa sanar da jama'a sakamakon da suka samu.